Cin abinci a waje a birnin Kano: Daga ciyayyar zaure zuwa teburin gidan abinci

A yawancin manyan biranen duniya, idan aka ce abokai sun fita cin abinci, abin da ake nufi shi ne sun tafi wani gini mai tebura da kujeru, an miƙa musu takardar jerin abinci da farashinsa, sun zaɓa, sun ci, an kawo musu lissafi. Kano tana da irin waɗannan gidaje masu yawa, sai dai kaɗan ne daga cikinsu suke cikin ganuwa. Duk da haka, da wuya a sami wani yanki na garin da ake cin abinci a fili, cikin taro, kamar tsofaffin unguwannin birni. Tun daga sallar asuba har tsakar dare akwai masu ci a bakin kaskon ƙosai, da ƙofar gidan mai waina, da tukubar mai nama, da teburin mai shayi.

Dalili kuwa shi ne birni yana da nasa tsarin da ya girmi gidan abinci na zamani da ɗaruruwan shekaru: mata su dafa a cikin gida, a fito da abincin waje, maza su taru su ci a zaure ko a kan tabarma. Wanda ya fahimci wannan tsari zai gane abin da ya sa abincin birni yake da araha, da wanda yake ɗauke da nauyin arahar, da kuma abin da ya sa tsadar fulawa ko dokar hana zirga-zirgar dare take zama maganar siyasa a Kano.

Birni da waje

Idan Bakano ya ce “cikin birni” ko “cikin gari”, yana nufin unguwannin da badala ta kewaye, waɗanda a yau suka faɗa cikin ƙananan hukumomin Birni da Kewaye da Dala da Gwale. Tarihin sarakunan Kano ya danganta fara ginin ganuwar ga Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sannan aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499. Rumfa ne kuma ake danganta wa kafa Kasuwar Kurmi.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sai suka bar birni a hannun Sarki da alƙalansa, suka kafa nasu mazaunin a gabas, wajen Nassarawa da Bompai. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, baƙi daga kudancin ƙasar suka yawaita, aka keɓe musu Sabon Gari wajen 1913. Kwarori, wato ’yan Labanan da Siriya, suka zauna a tsakanin Fagge da tashar jirgi, inda har yau akwai titin da ake kira Beirut Road.

Wannan rabo shi ne ya zana taswirar cin abinci a Kano. Otal-otal da kulob-kulob da mashaya duk a wajen ganuwa suka tsiro. A cikin birni kuwa, inda lunguna suke da ƙunci, kowa ya san ɗan gidan wa ye kowa, ba a kuma sayar da giya a fili, sai tsohon tsarin ya ci gaba da aikinsa.

Kasuwa, fatake da fatoma

Sayar da dafaffen abinci ga baƙo tsohuwar sana’a ce a Kano. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya shigo birnin a farkon 1824, ya ba da labarin masu gasa nama da ya gani kusa da mahauta a kasuwa: an hura wutar itace, an kewaye ta da tsinkaye masu ɗauke da ƙananan yankan nama da kitse, masu saye suna zaune suna ci. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai tsire zai gane abin da ya gani shekara 200 da suka wuce.

Fatake masu zuwa daga Gwanja da goro, ko daga Agadas da gishiri, ba sa neman otal. Fatoma ne yake saukar da su a gidansa, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, a kuma kawo musu abinci daga cikin gida. Ciyar da baƙo wani sashe ne na cinikin kansa.

Larabawan Gadamus da Tarabulus da suka zauna a kusa da Kurmi, a unguwanni irin su Dandalin Turawa, sun bar gadonsu a tukunyar Kanawa. A tsohuwar Hausa, su ake kira Turawa kafin zuwan Nasara. Da su ake danganta yawancin cimakar alkama ta birni, irin su gurasa da alkaki da alkubus, waɗanda sunayensu ma daga Larabci suka fito. Gurasa ta zama tambarin Kano, har akwai unguwar da take ɗauke da sunan masu yin ta, wato Ceɗiyar ’Yan Gurasa a ƙaramar hukumar Dala. A jikin tanderu ake gasa ta, a ci da tsire ko balangu ko miya, ko kuma a yi bandashe: a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir.

Ciyayya da majalisa

Asalin cin abincin dare tare da abokai a birni shi ne ciyayya. Bayan sallar magariba ko isha’i, magidantan da suke maƙwabtaka sukan taru a zauren babbansu ko a ƙofar masallaci, yara su fito da kwanon kowane gida, a jera su, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Dattawa suna da wurinsu, samari suna da nasu.

Amfanin wannan tsari ya wuce hira. Wanda aka yi miyar kuka ba nama a gidansa zai ci daga kwanon wanda aka yanka kaza, ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Idan kwanon wani ya daina fitowa kwana biyu, an san akwai matsala a gidan, sai a nemi hanyar taimakawa cikin sirri. Baƙon da dare ya yi masa yana da wurin sa hannu, abin da ya rage kuma na almajirai ne. Ladubban ma sanannu ne: a wanke hannu, a ci da dama, ƙarami ya riƙe kwano, kada ya riga babba ɗaukar nama. Wanda daɗi ya kwashe shi ya soma zuba magana mara kan gado, a yi masa dariya a ce yana santi.

Ciyayya ta ja baya a wurare da yawa. ’Ya’yan birni da dama sun koma sababbin unguwanni irin su Rijiyar Zaki da Sharaɗa da Hotoro da Na’ibawa, inda ake gina gida da ƙofar ƙarfe ba zaure. Lokutan tashi daga aiki sun bambanta, tsada kuma ta sa wasu suna jin nauyin fitar da abin da aka dafa. Abin da ya gaje ta a wurin matasa shi ne majalisa: benci ko tabarma a wani sanannen wuri a unguwa, inda abokai suke haɗuwa kullum da dare, a ɗora butar shayi a kan gawayi, a haɗa kuɗi a aiki ƙaramin cikinsu ya sayo gurasa da nama.

Masu dafawa

Yawancin abincin da ake ci a titunan birni a cikin gidajen aure ake dafa shi. Masaniyar tattalin arziki Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, daga baya kuma a Ɗorayi, ta kira wannan harka ɓoyayyen ciniki a wata maƙala da ta buga a 1969. Enid Schildkrout, wadda ta yi nata binciken a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, ta nuna yadda matan kulle suke samun kuɗin kansu ta hanyar dafa abincin sayarwa, da yadda cinikin ya dogara ga yara masu talla da masu zuwa aike.

A gidaje da yawa na masu ƙaramin ƙarfi, tuwon dare ne kaɗai ake ɗora wa tukunya. Na safe da na rana saye ake yi, maigida ya ba da kuɗin koko, da rana a aika gidan mai ɗanwake ko mai wake da shinkafa. Ta haka kuɗin cefane yake zagayawa daga hannun maza zuwa hannun matan unguwa, su yi adashi da shi, su yi biki, su tara kayan ɗakin ’ya’yansu.

A nan ne arahar abincin birni ta samo asali. Mai sana’ar ba ta biyan hayar shago, ba ta biyan ma’aikaci, ba ta lissafa wahalarta a cikin farashi. Amma akwai wanda yake biyan bambancin, wato yarinyar da take ɗauke da tire a lokacin da sa’o’inta suke aji. Gwamnatin jihar ta ƙaddamar da shirin ilimi kyauta kuma dole a 2019, wadda ta gaje ta kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024. Ko wace doka aka kafa a kan talla, sai ta amsa tambayar yadda abincin uwar zai isa ga mai saye idan ’yar ta tafi makaranta.

Daga karin kumallo zuwa walaha

Bahaushe ya raba safiya gida-gida: asuba, sassafe, hantsi, sannan walaha, wato lokacin da rana ta ɗaga sosai amma azahar ba ta yi ba. Kowane lokaci da abincinsa. Da sassafe koko ne da ƙosai, ko kunun tsamiya, ko kunun gyaɗa, ko ɗumamen tuwon jiya, ko shayi da burodi. Da hantsi zuwa walaha sai masu nauyi su fito: waina da miyar taushe ko da ƙuli, sinasir, funkaso, alkubus, ɗanwake da mai da yaji, dambu, da taliyar Hausa ’yar murji. ’Yan kasuwar Kurmi da Ƙofar Wambai da masu rini a Ƙofar Mata da yawa a wannan lokaci suke yin cin farko mai ƙarfi, bayan an buɗe rumfa an ga kamun ludayin ranar, kuma a kwano ɗaya ake ci da maƙwabtan rumfa.

Cin da ya haɗe kalaci da abincin rana shi ne wanda Turawan Ingila suka raɗa wa suna brunch a 1895, ya kuma zama abin yayi na ƙarshen mako a Amurka. Sunan ya shigo Kano ta gidajen abinci na Nassarawa da manyan otal-otal da shafukan Instagram, inda ake haɗa soyayyen ƙwai da dankalin Turawa da kofi, wani lokaci har da waina da farfesu. Lokacin cin dai ba baƙo ba ne a birni. Abin da ya zo sabo shi ne a ware rana, a yi ado, a tafi wani wuri na musamman domin cin kansa, a kuma ɗauki hoto. Masu yin haka sun fi zaɓar Asabar da Lahadi. A Asabar ɗin ƙarshen wata, da ake taƙaita zirga-zirga da safe saboda tsaftar muhalli, dole ma kalaci ya koma walaha.

Abincin dare

Da la’asar sakaliya mahauta suke hura wuta. Tsire da balangu da gasasshiyar kaza da kilishi, wanda unguwar Agadasawa ta yi suna da shi, su ne kan gaba. Akwai masu farfesun kayan ciki da kan sa da ƙafar sa, akwai masu awara da soyayyar doya, akwai masu fura da nono, waɗanda yanzu da yawansu suke damawa da inji su sa ƙanƙara. Mai shayi kuwa ya daɗe da wuce shayi da burodi. Taliyar Indomie da ƙwai ta mayar da teburinsa wurin cin abincin dare na ɗalibai da ’yan adaidaita sahu da ’yan kasuwar da suka tashi a makare.

A da, magidanci ya zauna yana cin tuwon saye da dare abin magana ne, domin alama ce ta cewa gidansa ba lafiya. Gidan mai tuwo-tuwo na matafiya ne da leburori da gwagware. Nama da shayi ne ba su da wannan tabo, shi ya sa suka zama abincin hira. Har yau kuma mutumin kirki ba ya komawa gida daga wurin mai nama hannu rabbana, sai ya riƙo ƙunshin iyali.

Zuwan gidan abinci na zamani

Gidan abinci mai jerin zaɓi da teburin kowa daban a birnin Paris na Faransa ya fara bayyana a shekarun 1760. A Kano, ya shigo ta otal-otal na zamanin Turawa da gidajen cin abinci na Kwarori, daga baya Indiyawa da ’yan Sin suka buɗe nasu, mutanen kudu kuma suka kawo sakwara da teba da miyar agushi a Sabon Gari. Shawarma daga Kwarori ta fito, shinkafar Larabawa irin su mandi da kabsa kuma ta samu karɓuwa ta hanyar masu zuwa Hajji da Umara da Dubai.

An daɗe kalmar “otal” tana ɗauke da zargi a kunnen mutumin birni, domin ta haɗa masauki da mashaya da wurin cin abinci a suna ɗaya. Abin da ya sassauta wannan kallo shi ne bayyanar gidajen da abinci kaɗai suke sayarwa, ba giya, ba ɗakin kwana, da fitila tarwai da wurin sallah. Kamfanoni masu rassa irin su Mr Bigg’s da Chicken Republic sun taimaka wajen sabar wa iyalai da fita, haka ma buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo a 2014.

A yau irin waɗannan wurare sun fi yawa a Nassarawa da Bompai da titin Gidan Zoo, sai kuma manyan titunan da suke bin gefen ganuwa, musamman titin BUK, inda ɗaliban jami’a da na kwalejoji suke da yawa. Ɗan birni da yake son ya fita da abokansa cin abincin dare irin na zamani, galibi sai ya fita ta ɗaya daga cikin ƙofofi.

Wa zai biya?

A al’adar Kano, wanda ya gayyata shi yake biya, kuma ba a faɗa, ganewa ake yi. Idan abokai suka haɗu ba shiri, akan yi rige-rigen biya, wani ma ya faki ido ya sallami mai abinci tun ana ci. Wanda ya zo ya tarar ana ci sai a ce masa bismillah, ko da ba a san shi ba. A ce kowa ya biya abin da ya ci, a wurin mutane da yawa rowa ce.

Wannan ɗabi’a ta dace da teburin mai shayi, inda kuɗin mutum biyar bai taka kara ya karya ba. A gidan abinci na zamani kuwa takan zama nauyi, har ta sa mai ƙaramin albashi ya riƙa ƙirƙirar uzuri don kada zagaye ya zo kansa. Mafitar da matasa suka samu ita ce karo-karo tun kafin a fita: a yanke abin da kowa zai bayar, a tura wa mutum ɗaya ta waya, shi ya biya a madadin kowa. Haka ’yan aji ɗaya da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suke shirya shan ruwa da azumi da haɗuwar bayan Sallah. Ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya sa hatta masu nama da masu shayi da yawa suka koma karɓar kuɗi ta waya ko ta na’urar POS.

Mata da wurin zama

Majalisa da teburin mai shayi da tukubar mai nama duk wuraren maza ne. Mace takan aika a sayo mata, amma ba ta zama. Nata taron cin abincin a cikin gida yake, wurin suna da wunin biki da walima da ziyarar ƙawaye. Gidan abinci na zamani shi ne wuri na farko da ƙawaye, ɗalibai ko ma’aikata, za su zauna a teburi su yi oda su biya da kuɗinsu ba tare da wani biki ya tara su ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa muhawara a kan waɗannan wurare take da zafi, domin a ƙarƙashinta akwai tambayar inda ya dace a ga mace da wanda ya dace a gan ta da shi.

Ta ɓangaren sana’a ma an sami sauyi. Mata da yawa, ciki har da masu digiri, suna dafa abinci a gida su tallata a WhatsApp da Instagram, mai babur ya kai wa mai saye har ofis. Tsohon cinikin cikin gida ne, sai dai waya da ɗan aike sun karɓi aikin ’yar talla.

Hukuma da dare

Kano ta ƙaddamar da shari’ar Musulunci a 2000, aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003. Hukumar takan kai samame wuraren shaƙatawa da take zargi da baɗala, takan kuma farfasa kwalaben giyar da ta kama. Da azumi gidajen abinci a unguwannin Musulmi sukan rufe da rana, su buɗe dab da shan ruwa, wasu har sahur. A 2024 da 2025 hukumar ta sanar da kama Musulmin da ta ce an gan su suna ci da rana, tana mai cewa aikin bai shafi waɗanda ba Musulmi ba. Masu goyon baya suna ganin kare tarbiyya ne, masu suka suna tambayar iyakar ikonta da kuma ko ana yi wa mai kuɗi da talaka hukunci iri ɗaya. A farkon Maris na 2024 Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin hukumar bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki yadda ake gudanar da wasu samamen, sannan ya koma bayan ’yan kwanaki da aka yi sulhu.

Tsaro ma ya sha taɓa cinikin dare. Bayan hare-haren 20 ga Janairu, 2012 an sa dokar hana fita, a Janairun 2013 aka hana acaɓa bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, a Yulin 2022 kuma aka hana adaidaita sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Irin wannan doka ba ta hana mai mota fita cin abinci a Nassarawa. Wanda take tsayarwa shi ne mara abin hawa, da ma’aikacin gidan abincin da zai koma gida bayan an rufe.

Sai maganar lafiya. A 2021 gurɓataccen garin ɗan tsami da aka haɗa abin sha da shi ya yi ajalin mutum aƙalla 10 a Kano, ya kwantar da ɗaruruwa a asibiti. A birnin da yawancin masu dafawa suke sayen ruwa a wurin ’yan garuwa, kuma madafarsu tana cikin gidan da duba-gari ba ya shiga kai tsaye, abin da ya fi kare mai saye shi ne sanayya: an san mai abincin, an san gidanta.

Tsadar rayuwa

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya sun taɓa kowane mataki na wannan sana’a: dakon hatsi daga Dawanau, kayan miya daga ’Yankaba, fulawa da sukari da mai daga Singa, nama daga Abbatuwa, da gas da gawayi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A Afrilun shekarar aka ninka kuɗin wutar masu rukunin A fiye da sau uku, abin da ya shafi manyan gidajen abinci masu firji da na’urar sanyaya ɗaki. Kantin Shoprite na Ado Bayero Mall ya rufe a Janairun 2024.

Babban gidan abinci yana iya sake buga farashi, ya ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan lissafi. Mai waina ba ta da wannan damar, domin masu sayenta maƙwabtanta ne, ta san abin da ke aljihunsu. Abin da take yi shi ne rage girma, ko rage mai, ko cin uwar kuɗi har jarin ya ƙare. A Fabrairun 2024 mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Ceɗiyar ’Yan Gurasa saboda tsadar fulawa, suna cewa da yawansu sun daina sana’ar. Wata shida bayan haka, ranar 1 ga Agusta, aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa ta ƙasa baki ɗaya, wadda a Kano ta kai ga asarar rayuka da dokar hana fita ta awa 24. Mafi ƙarancin albashi da jihar ta amince da shi daga baya naira 71,000 ne, kuma bai shafi mai gurasa ko yaron mai shayi ba, tunda ba albashi suke ɗauka ba.

Siyasa a bakin teburi

Tun zamanin NEPU, wadda aka kafa a 1950, da PRP ta Malam Aminu Kano, siyasar Kano a zaure da rumfar kasuwa da dandalin unguwa take samun ƙarfinta. Teburin mai shayi da majalisa su ne suka gaji wannan aiki. A nan ake sauraren shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyo da dare, a warware abin da sojojin baka suka faɗa, a yi gardamar Kwankwasiyya da Gandujiyya da rikicin masarauta. Masu neman kujera sun san haka, shi ya sa idan zaɓe ya matso suke bin majalisu suna gaisuwa, su biya kuɗin shayi, su bar na goro. Zaman da ake raba takara da muƙami kuwa a ɗakunan taro na manyan otal-otal da gidajen manya ake yin sa, a wajen ganuwa.

Matashin da yake son auna alƙawarin ɗan takara yana da ma’auni a kusa da shi. Ruwan famfo a lungunan birni, wutar da za ta riƙe firjin mai fura, jari mai sauƙi ga mata masu dafawa, duba-gari da zai koyar kafin ya ci tara, abin hawa mai aminci bayan ƙarfe 10 na dare, da makarantar da ’yar talla za ta iya zuwa ba tare da tukunyar uwarta ta mutu ba: yawancin waɗannan suna hannun gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Birni da Kewaye da Dala da Gwale, kuma kasafin kuɗinsu na kowace shekara yana nuna abin da aka ware musu.